Yadda za ka kare ido, kunne da jin jiki tun suna da ƙarfinsu

A garin nan namu na Maradi, idan dattijo ya fara laluben takalminsa a ƙofar masallaci bayan Magariba, ko tsohuwa ta riƙa cewa "me ka ce?" sau biyu sau uku, sai mu ce shekaru ne. Wani lokaci shekarun ne kuwa. Amma sau da yawa abin da ya ci idon ko ya kashe kunnen ya fara aikinsa tun mutum yana da ƙarfinsa, yana zuwa kasuwa yana dawowa, kuma abu ne da ake iya tarewa da kuɗi kaɗan ko ma ba kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin mutum biliyan 2,2 masu matsalar gani a duniya, aƙalla biliyan 1 matsalarsu irin wadda ake iya kaucewa ce ko ake iya gyarawa. Ta kuma ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara daga abubuwan da ake iya hanawa take zuwa.

Abin da ya sa na damu da maganar nan shi ne yawancin cututtukan da ke ɗauke gani da ji ba su zuwa da ciwo. Da suna ciwo da mun tashi tun da wuri. Jijiyar ido, jijiyar kunne da jijiyoyin tafin ƙafa kuwa, idan suka mutu ba su dawowa. Don haka duk aikin yana gaba, kafin a yi asarar. Na jera matakan ne daga wanda ya fi ceton mutane zuwa wanda bai kai shi ba.

Mataki na farko: ka san lambobin jininka

Da za a ce in zaɓi abu guda wanda duk mai shekara 40 a Maradi zai yi a wannan mako, zan ce ya je a auna masa hawan jini da suga. Dalili shi ne can bayan ido akwai wani siririn tantani mai ɗaukar hoton abin da muke gani, kuma ƙananan hanyoyin jini ne ke ciyar da shi, waɗanda sun fi gashin kai siranta. Suga idan ya yi yawa a jini shekara da shekaru sai ya raunana su, su fara yoyo, wasu su toshe. Hawan jini yana ƙara musu nauyi. Irin waɗannan hanyoyin ne ke ciyar da can cikin kunne da jijiyoyin ƙafa, shi ya sa mai ciwon suga da ba a kula da shi ba kan rasa gani, ƙafarsa ta mutu, jinsa ma ya ragu, duk daga tushe guda.

Ga yadda ake yi. Ka je asibitin unguwarku, wato CSI, ko farmasin da ke da abin awo. Don awon hawan jini, kada ka sha shayi ko taba rabin awa kafin nan, ka zauna ka huta minti 5, sannan a auna. Idan ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, a sake aunawa wata rana. In ya maimaita, ka ga likita. Awon suga da safe ake yi kafin a karya kumallo. Giram 1,26 a lita ko fiye, idan ya fito sau biyu, ciwon suga ne. Tsakanin 1,10 da 1,25 kuwa gargaɗi ne, kuma a nan ne rage ƙiba da tafiyar ƙafa suka fi aiki. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta rana da lamba. Likitan da ya ga jerin awon wata shida ya fi wanda ya ga na rana ɗaya sanin abin da zai yi maka.

Inda mutanenmu suka fi faɗuwa shi ne bayan an fara magani. Mutum ya sha wata ɗaya, ya ji garau, ya ajiye. Jin garau ɗin maganin ne ya kawo shi, ciwon yana nan. Maganin hawan jini da na suga ba a barinsu sai da shawarar wanda ya rubuta su. Idan azumi ya gabato, ka je tun cikin Sha'aban a gyara maka lokutan sha. Duk mai ciwon suga kuma, ko da yana gani tangaran, a duba masa bayan ido sau ɗaya a shekara. Za a ɗiga maka maganin da zai buɗe baƙin ido, ganinka ya yi dishi-dishi na ƴan awoyi, don haka ka tafi da ɗan rakiya, kada ka ce za ka tuƙo moto da kanka.

Akwai awo na uku da ba a cika sani ba: ƙarfin ruwan cikin ido. Cutar da muke kira hawan jinin ido, likitoci kuma su ce gilakoma, ta fi kama baƙar fata, ta fi saurin kama mu da ƙuruciya, kuma tana bin dangi. Aikinta irin na gara ne a azarar ɗaki, daga waje komi lafiya, ciki kuwa an cinye. Daga gefe take fara cin gani, tsakiya yana nan sarai, har mutum ya fara karo da ƙyaure ko ya kasa ganin kabu-kabun da ke tahowa ta gefensa. Abin da ta ci ya tafi, amma maganin ɗigawa na kullum ko aiki yana tsayar da ita inda take. Wanda ya kai 40 ya je sashen ido a auna shi. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa ya makance ba tare da yanar ido ba, kada ya jira 40.

Mataki na biyu: gyara tukunya

Allah ya hore mana abin da wasu garuruwan ke saye da tsada. Zogalen da ake nomawa a fadamar Gulbi, daga Jiratawa har Tibiri, yana cikin ganyayen da suka fi yawan abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Haka alayyafo, rama, kabewa, karas, mangwaro, gwanda, dankali mai jan ciki da manja. Hanta da ƙwai da madara su ma suna da shi. Rashin bitamin A ne ke kawo dundumi, yaro ya kasa gani da zarar rana ta faɗi. In abin ya yi nisa, baƙin idon ya bushe ya yi gyambo, yaro ya makance har abada.

Abu biyu ke sa ganyen ya yi amfani. Na farko, jiki ba ya ɗaukar wannan bitamin sai da maiƙo, don haka kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gujiya daidai yake, kakanninmu ba su yi kuskure ba. Na biyu, idan za a shanya ganye don rani, a shanya a inuwa, rana tana ƙone amfaninsa. Lokacin mangwaro kuwa a bar yara su sha, a wanke musu hannu da fuska bayan sun gama saboda ƙuda. Wajen sayen man girki, a duba mai tambarin an ƙara masa bitamin A.

Sai abin da za a rage. Gishirin da babban mutum ke bukata a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke cikin miya da burodi da yajin tsire. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Uwargida, idan kin saba jefa huɗu, ki koma biyu ki ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa. Cikin ƴan makonni harshen mutanen gida zai saba. Shayin fada, na ɗaya da na biyu da na uku, kowanne da tulin sukari, ga lemun kwalba, ga hura da aka zuba wa sukari bayan nono, jiki ba ya iya ɗaukar wannan kullum. A rage sannu a hankali, don wanda ya yanke gaba ɗaya rana guda yakan koma.

Tafiyar ƙafa mai ɗan sauri minti 30, kwana biyar a mako, ta isa. Manomi da mai daka sun riga sun biya nasu. Maganar ta ɗan kasuwa ce da ma'aikacin ofis da hajiyar da ba ta fita, waɗanda daga tabarma sai moto. Bayan Asuba ko bayan La'asar sakaliya ya fi, kafin zafi ko bayan ya sauka.

Mataki na uku: fuskar yaro da karnen rigakafinsa

Yawancin makafi da kurame da suka tashi da abin tun suna ƙanana, kafin shekara biyar suka same shi. A nan uwa da kaka su ne likitocin farko.

Amosanin ido ya daɗe yana wahalar da jihohin Maradi, Damagaram da Difa. Ƙwayar cuta ce da ke yawo daga idon yaro zuwa na wani ta hannu, ta bakin zanen da aka share wa wannan fuska aka share wa wancan, da ƙudan da ke sauka kan kwantsa da majina. Ƙudan nan a kashin mutum da aka bari a fili yake ƙyanƙyasa. Kamu ɗaya ba ya makantarwa. Maimaituwarsa ce shekara bayan shekara ke sa cikin fatar ido ya yi tabo, fatar ta lanƙwashe ciki, gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar ido duk ƙiftawa har ta yi fari. Mata sun fi maza makancewa da shi nesa ba kusa ba, saboda su ne kullum tare da yara. An samu ci gaba sosai da rabon magani gida-gida da aikin fatar ido, amma abin da ke hana shi dawowa a hannunmu yake: a wanke wa yaro fuska da ruwa da sabulu safe da yamma, kowa da ƙyallensa, a yi masai a rufe bakinsa, a zubar da kashin jariri a ciki, a nisanta turken dabbobi da inda yara ke kwana. Ruwan buta ɗaya ya isa fuskar yara uku idan zubawa ake yi a hannu, ba tsoma hannu a kwano guda ba. Idan akwai tsohuwa a gida da ke cire gashin ido da matsefata, ku kai ta a duba. Aikin gyaran fatar ƙarami ne, a ranar take komawa gida.

Misali na kusa ya nuna cewa ana iya gamawa da irin wannan cuta. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa.

Sai karnen rigakafi. Ƙyanda tana ƙone bitamin A na jikin yaro, tana iya barinsa makaho ko kurma. Allurarta ta farko a wata 9 ake yi, ta biyu a cikin shekara ta biyu, kuma ta biyun ce iyaye ke mantawa. Daga wata 6 zuwa shekara 5 ana ɗiga wa yaro bitamin A a baki duk wata shida, shuɗin ƙwanso ga wanda bai kai shekara ba, ja ga wanda ya wuce. Na yara ne, mai ciki kada ta sha shi.

Sanƙarau kuwa mun san shi, mu da muke tsakiyar yankinsa. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 250,000 a Afirka, ta kashe kusan 25,000. Rigakafin da aka fara a 2010 a Nijar da Mali da Burkina Faso ya karya nau'in da ke kawo manyan annoba, amma wasu nau'o'in suna nan, kamar wanda ya ɓarke a ƙasar nan a 2015. Cikin waɗanda suka tashi daga ciwon, kusan ɗaya cikin biyar yana fita da wata naƙasa, kuma kurumta na cikin waɗanda suka fi yawa. Daga tsakiyar hunturu zuwa faɗuwar ruwan farko, zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai da sanƙarewar wuya, ko jaririn da maɗigarsa ta kumbura ya ƙi nono, ba abin kwana a gida ba ne. Bayan an sallamo shi kuma, a nemi a gwada jinsa da wuri.

Ga jariri sabon haihuwa, ku lura da abu huɗu. Ido mai kumburi da mugunya a makonnin farko yana iya fashewa cikin kwanaki, asibiti a ranar. Shawara mai ƙarfi, ido da jiki su yi rawaya, tana taɓa jijiyar ji. Wani fari ko ƙyalli a tsakiyar baƙin ido, ko da a hoton waya aka gan shi, a kai wa likitan ido ba jinkiri. Na huɗu, jaririn da ba ya firgita idan kwano ya faɗi, ko ya kai wata 6 ba ya waiwayen murya, ko ya shekara ba ya gwaranci, a gwada kunnensa. Kada a tsaya kan "nauyin baki ne, haka babansa ya yi."

Mataki na huɗu: kada ka sa wa ido da kunne abin da likita bai ce ba

Wannan matakin ba ya cin ko dala, amma shi ya fi wuyar bi, domin masu ba da shawarar masoyanka ne. Idan afolo ta shigo unguwa za ka ji masu cewa a ɗiga ruwan sukari, nonon uwa, ruwan albasa, tsimin ganye, har da fitsari. Afolo da kanta takan wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Abin da aka ɗiga ne ke kawo gyambon da ba ya wucewa. Ruwa mai tsabta, wanke hannu da raba ƙyalle sun isa. In akwai ciwo mai tsanani, ko gani ya ragu, ko ido ba ya son haske, a tafi asibiti.

Maganin ɗigawa na masu talla a faranti ko na teburin bakin kasuwa shi ma haɗari ne. Da yawansu suna da sinadarin da ake kira dekisametazon. Yana kwantar da ja da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa ake son shi, amma yawan amfani da shi yana kawo hawan jinin ido da yanar ido, kuma idan akwai gyambo a baƙin ido sai ya faɗaɗa shi. Yaran da ke fama da ƙaiƙayin ido lokacin ƙura, waɗanda farin idonsu ya koma ruwan ƙasa, su aka fi cuta da shi.

Kwalli ado ne da muka gada, sai dai wanda ake niƙawa daga dutse mai ƙyalli yakan ƙunshi dalma, ita kuwa dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Jariri bai bukatarsa. Babba ma kada ya yi tarayyar maciyin kwalli da kowa.

Kunne yana share kansa. Dauɗarsa kariya ce, da kanta take gangarowa waje. Tsinken ashana, gashin kaza, kan makulli da tsinke mai auduga tura ta ciki suke yi, wani lokaci su huda dodon kunne. Ka goge waje da ƙyalle kawai. Kunnen yaro idan yana zubar da ruwa ko mugunya, kada a zuba mai ko turare ko ruwan ganye, kada a toshe da auduga. A naɗe tsabtataccen ƙyalle a tsane bakin, a hana ruwa shiga lokacin wanka, a hana shi iyo a tabki, a kai shi asibiti. Kunnen da ya shekara yana ruwa yana cin ji a hankali, kuma ciwon kan iya hayewa ƙwaƙwalwa. Ina roƙon iyaye da malamai, na allo da na boko: kada a mari yaro a kunne. Mari guda yana fasa dodon kunne.

Akwai kuma allurai masu kashe ji, irin su jantamisin da sitireftomisin. A asibiti ana auna su da nauyin mutum da lafiyar ƙodarsa. A hannun mai allurar unguwa ba awo. Kinin yana sa kunne ƙugi. Wanda ke shan maganin tarin fuka ya ga ganinsa na raguwa ko launuka na rikice masa, ya gaya wa masu ba shi maganin nan da nan, kada ya yanke da kansa.

Mai walda ya sa gilashin walda na gaske, ba baƙin tabarau na ado ba, haka yaron shagon da ke riƙe masa ƙarfe. Mai wasa ƙarfe, mai fasa dutse da mai sussuka su kare ido. Idan siminti, farar ƙasa, ruwan batir ko piya-piya ya faɗa ido, a fara zuba ruwa mai tsabta ba ƙaƙƙautawa minti 15 zuwa 20, sannan a kama hanyar asibiti. In kuwa wani abu ne ya soki ido, kada a cire, kada a danna, a rufe da gindin kofi a tafi.

Mataki na biyar: rage ƙara

Can cikin kunne akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi kimanin 15,000. Da su aka haife ka, kuma wanda ƙara ta kashe ba ya sake tsirowa. Ƙarfin sauti da desibel ake auna shi. Hira ta yau da kullum wajen 60 take. A 80 kunne yana jure awa 40 a mako, a 90 kuwa awa 4 kacal. Ba sai kana da na'ura ba: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, wurin yana cin kunne. In ka fito kana jin ƙugi ko kunne ya yi dum, an riga an taɓa shi.

Ka tuna mai injin niƙa da ke tsaye kansa daga safe zuwa dare, da ƴan matan da ke layi a gefensa, wata da goyo a baya. Ka tuna maƙeri, mai injin katako, mai shagon da janareta ke bakin ƙofarsa duk lokacin da aka ɗauke wuta. Masu irin wannan sana'a su nemi abin toshe kunne na roba ko na soso, ana samu a farmasi da shagunan kayan aiki. Auduga ba ta tare komi. A matsar da janareta nesa, a gyara salansa, a riƙa fita ana hutar da kunne. Mai kawo niƙa ta ajiye kwanonta ta koma nesa, musamman mai goyo. A wajen biki kada a zauna gaban lasifika, kuma masu kiran sallah da wa'azi su dubi gidajen da lasifikar ke fuskanta.

Samari masu saƙala abin sauraro a kunne yini guda, kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar, kada kuma a kwana da shi. Wanda ke kusa da kai in yana jin abin da kake saurare, ya yi yawa.

Mataki na shida: duba ƙafa da fata

Jin zafi kariya ne. Wanda tafin ƙafarsa ya mutu zai taka ƙaya ko rairayin bazara mai ƙuna bai sani ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Alamun farko su ne jin kamar tururuwa na tafiya, zafi kamar barkono da dare, ko jin kamar kana taka auduga, ko silifa ta fita ba ka ji ba. Ciwon suga ne kan gaba wajen kawo wannan, sai giya da ƙarancin bitamin B12.

Alwala ta ba mu dama sau biyar a yini. Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu ko da sau ɗaya, in ba ya iya sunkuyawa jika ya duba masa. Ya tsane tsakanin yatsu, ya shafa man kaɗanya a diddige saboda faso, ban da tsakanin yatsun. Kada ya yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, ya zazzage takalmi kafin ya sa, ya taɓa ruwan wanka da gwiwar hannu, kada ya miƙa ƙafa ga kaskon wuta da hunturu. Kaushi da farce kada a sa musu reza.

Kuturta ma jijiya take ci, kuma tana warkewa sarai. Tabo a fata mai haske ko ja-ja, wanda ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, in an taɓa shi da zaren auduga ba a ji, shi ne alamar farko. Maganinta kyauta ne, wata 6 ko wata 12, kuma da an fara sha mutum ya daina yaɗa ta. Asibitin Danja da ke kudu da gari ya daɗe a wannan aiki. Guntulewar yatsu daga jinkiri take zuwa, jinkirin kuma daga kunya da tsoron bakin mutane.

Mataki na bakwai: hanci da harshe

Taba sigari, shisha da taba gari suna dusashe jin ƙamshi da ɗanɗano, sigari kuma tana gaggauta yanar ido. Hayaƙin itace a rufaffen madafi shi ma haka, don haka a yi girki inda iska ke ratsawa. Da hunturu a rufe hanci da rawani ko takunkumi, a shaƙa ruwan gishiri kaɗan a fyace. Maganin buɗe hanci na ɗigawa kada ya wuce kwana 5. Asuwaki ko buroshi safe da dare yana kare ɗanɗano. Tsohon da ya daina jin wari a riƙa duba masa abincin da ya kwana da tukunyar gas, a kuma lura kada ya yi ta ƙara gishiri don miya ta daina yi masa daɗi.

Mataki na takwas: abin da ba a kwana da shi, da abin da ake gyarawa

A tafi asibiti a ranar idan gani ya ɗauke farat ɗaya, ko aka ga kamar labule ya sauko ta gefe, ko walƙiya da ɗigo-ɗigo baƙaƙe masu yawa suka bayyana, ko ido ya yi ja da ciwo har da amai. Haka idan kunne ɗaya ya daina ji dare ɗaya, domin maganinsa a kwanakin farko yake aiki. Idan kuwa gefen jiki ya mutu, baki ya karkace, magana ta sarƙe, wannan na awoyi ne, a nufi babban asibiti kai tsaye.

Yanar ido ita ce ta fi makantar da tsofaffinmu, kuma ita ce aka fi iya gyarawa. Aikin bai cika wuce rabin awa ba, ana cire ƙwayar da ta yi fari a sa ta roba. Ba sai an jira ta rufe ido ruf ba. A guji masu sokar ido na gargajiya da ke tura yanar ciki, domin hasken ƴan kwanaki ne, bayansa kumburi da makantar da ba ta da gyara. Wanda ya wuce 40 ya ga sai ya nisanta Alƙur'ani ko waya kafin ya karanta, tabarau kawai yake bukata, kuma tabarau ba ya raunana ido. Yaron da ke matse ido a aji ko yake kasa kwafe allo, a gwada ganinsa kafin a ce ba ya ja.

Tsofaffi kan ƙi zuwa don kada su ɗora wa ƴaƴa nauyi. Kada ka tsaya gardama. Ka ce, "Baba, gobe in Allah ya kai mu zan zo da safe mu je a duba idon nan, na riga na shirya komi." Ko, "Inna, dubawa kawai za a yi, in ba ki yarda da aikin ba ba wanda zai tilasta miki." Wanda jinsa ya ragu kuma, ka fuskance shi inda akwai haske, ka kashe rediyo, ka yi magana a hankali ba da tsawa ba. Ka fara kai shi a leƙa kunnen, don wani lokaci dauɗa ce ta taru ta toshe, a wanke ta cikin ƴan mintoci. In ba ita ba ce, a auna jinsa kafin a sayi na'urar ƙara ji, saboda kowace ana daidaita ta ne da kunnen mai ita.